Darasi Ga Masu Dafa Abincin Sayarwa: Awon Hatsi Da Awon Tukunya

Yau mun ɗan jingine zancen farashin gero da dawa, za mu yi magana a kan tukwane da kasake da farantan zuba abinci. La'alla wani ya ce, ina ruwan mai sayar da hatsi da tukunya? To, ruwanmu ne ƙwarai. Mafi yawan masu ɗaukar awo a rumfarmu da sassafe masu dafa abincin sayarwa ne, 'yan tuwo-tuwo da masu garau-garau da masu gidan abinci na bakin tasha. Da yawansu kuwa bashi suke ɗauka, sai sun sayar su kawo kuɗi da yamma. In tukunya ta cinye musu riba, mu ma sai mu kwana ba a biya mu ba.

Abin da ya jawo wannan darasi shi ne, akwai wata baiwar Allah da ta fi shekara tana ɗaukar shinkafa tiya 5 a wurinmu kowace safiya, ba ta taɓa saɓa alkawari ba. Sai biya ya fara tsinkewa, yau a kawo rabi, gobe a ce a yi haƙuri. Muka ce mata, "Hajiya, lafiya dai? Ko ciniki ne ya ja baya?" Ta ce, "Wallahi Alhaji ciniki yana nan, kafin la'asar na sayar tas. Amma in na zauna ƙirga sai in ga kuɗin ba su kai ba." Rannan muka bi ta wurin sana'arta muka duba. Ashe tsohuwar tukunyarta ce ta fashe, ta sayi wata mai araha, mara kauri, kuma ƙarama ga awonta. Shinkafa ta cika ta har marfi yana ɗagawa, ta sama ba ta nuna ba, ta ƙasa ta kama. Kullum sai an kankare ƙanzo mai kaurin ɗan yatsa.

Ku zo mu yi hisabi. A kasuwarmu ta Kano tiyar shinkafa tana da nauyin kamar kilo 2 da rabi, watau buhu mai kilo 50 yana ba da kamar tiya 20. Mun san awo yana saɓawa gari da gari, mudun Zariya daban, na Sakkwato daban, tiyar Maraɗi daban, saboda haka kowa ya ɗora kwanonsa a sikeli ya san nauyinsa. Tiya ɗaya tana fitar da kamar faranti 20, gwargwadon hannun mai zubawa. To, a ce faranti 2 kacal ke tafiya a ƙanzo kowace rana. A wata faranti 60 ke nan, watau tiya 3. A shekara tiya 36, kusan buhu 2. Mun sani ba a zubar da ƙanzo, ana jiƙa shi a ci, ko a ba kaji. Amma ai ba don kaji aka ɗauko bashi ba.

Saboda haka ku sani, ba da ido ake sayen tukunyar sana'a ba, da awo ake saye. Tambayar farko ita ce, tiya nawa kike dafawa a ɗori ɗaya? Daga nan ake fitar da girman tukunya. Ɗanyar shinkafa tiya ɗaya tana cin wurin kamar lita 3. In ta dahu tana ninka kanta kamar sau 3, ta zama lita 9. Sa'an nan dole a bar rubu'in tukunya fanko, domin tafasa da juyawa da turiri. Watau kowace tiya ɗaya tana bukatar lita 12. Mai tiya 2 ta nemi tukunya mai lita 25. Mai tiya 5, irin Hajiyar nan, lita 60. Ita kuwa da muka auna tata, da ƙyar ta wuce lita 45.

Yaya za a san litar tukunya? Abu mai sauƙi. Jarkar 'yan garuwa mafi yawanta lita 25 ce, akwai mai 20, a duba rubutun jikinta. A zuba ruwa a tukunya a ƙirga. Wadda ta sha jarka 2 da rabi ita ce ta tiya 5. In ƙaramar tukunya ce a gwada da ledar ruwan sha, kowace ɗaya rabin lita ce. Muna faɗin haka domin lambar da maƙera ke bugawa a jikin tukunyar zubi, lamba 10, lamba 20, lamba 30, ba ta da wata hukuma mai tsare ta. Lamba 20 ta wannan maƙeri ba ita ce lamba 20 ta wancan ba. Lamba ta ciniki ce, ruwa shi ne shaida. Kuma zuba ruwan nan zai nuna maka in akwai ɓoyayyen yoyo, domin tukunyar zubi takan fito da 'yan ƙofofi kamar tsinin allura waɗanda aka shafe da toka ko sabulu.

Wake bai kai shinkafa kumbura ba, yana ninkawa sau 2 ko da ɗan ɗori, amma yana tayar da kumfa, saboda haka shi ma kada a matse shi. Taliya da ɗanwake su ruwa suke so mai yawa da baki mai faɗi, in aka cunkusa su sai su manne da juna.

Tuwo kuwa hukuncinsa daban. Shi ba kumbura kaɗai ba, har da tuƙi. Muciya tana son wurin kaiwa da komowa, don haka talge kada ya wuce rabin tukunya sai da kaɗan. Tukunyar tuwo ta zama mai zagayayyen gindi, mai kauri, mai nauyin da za ta zauna daram bisa murhu in ana tuƙi. Mai shafaffen gindi tana da kusurwa inda muciya ba ta kaiwa, nan gari ke maƙalewa ya ƙone, ko ya yi gudaji. Amma fa mai dafawa da gas ya lura, zagayayyen gindi na murhun duwatsu ne da na gawayi. In za a ɗora shi a kan gas sai mai walda ya yi masa kanwa-uku ko zobe na ƙarfe mai ƙarfi, in ba haka ba ranar da ta goce da tafasasshen talge ba za a ji da daɗi ba.

Sai wani ya ce, to tun da haka ne bari in sayi ƙatuwa gaba ɗaya in huta. A'a, wannan ma kuskure ne, mun kuwa gan shi da yawa wurin sababbin shiga. Tiya 2 a cikin tukunyar tiya 10 ɓarnar itace ce, sai ka ɗumama ƙarfe duka kafin abinci ya ji wuta, ruwa ya ƙafe da wuri don faɗin baki. Ga kuma nauyi. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, watau tukunya mai lita 100 in ta cika ta yi nauyin babban buhun masara, kuma wannan buhu ne mai tafasa. Mu a namu ganin, mai dafa tiya 10 a yini gara ta mallaki tukwane 2 na tiya 5. Ta ɗora ɗaya da safe, ɗaya da azahar. Abinci ya fito da zafinsa sau biyu, kuma ran da kasuwa ta yi sanyi, ko hadari ya kori mutane, sai ta fasa ɗori na biyu, shinkafarta tana nan ɗanya a buhu ba ta lalace ba. Ƙatuwar tukunya ta masu girkin biki ce, su kuwa an riga an faɗa musu yawan baƙi kuma an ba da kafin alƙalami.

Yanzu zancen abin da aka ƙera tukunya da shi. Mafi yawan manyan tukwanen sana'a na zubi ne, na alminiyum, wanda maƙera ke kira sanholo ko goran-ruwa. Yana da fa'ida, yana raba zafi ko'ina, ba ya tsatsa, ana iya gyara shi, kuɗinsa da dama. Aibinsa guda biyu. Na ɗaya, ba ya shiri da tsami, ba ya shiri da kanwa. Duk mai dafa wake da kanwa ta ga yadda cikin tukunya ke yin baƙi yana ɓurɓushewa. Hakanan tsamiya da yakuwa da zoɓo da miyar tumatur, suna cin jikin ƙarfen a hankali. A dafa a ciki babu laifi, amma a juye da an sauke, kada miya ta kwana a ciki.

Na biyu ya fi nauyi. Tukunyar zubi daga tarkace ake narka ta, gwangwanaye da tsofaffin tukwane, wani lokaci har da sassan injin mota da lagireto, a cikin waɗannan kuwa akan sami dalma. A shekarar 2014 masu bincike sun gwada irin waɗannan tukwane da aka saya a kasuwannin Kamaru, suka tarar dalma tana fitowa daga jikin wasunsu in aka tafasa ruwa mai tsami a ciki. Mu nan ba sai an yi mana bayanin gubar dalma ba. A 2010 ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Zamfara, ko da yake wancan daga niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje ne, ba daga tukunya ba. Abin lura dai shi ne, ba ta da ɗanɗano, ba ta da wari, ido ba ya ganinta, kuma ƙananan yara ta fi yi wa illa. Ba muna ɓata kasuwar 'yan'uwanmu maƙera ba ne, akwai masu tsare amana a cikinsu waɗanda ke tace abin da suke narkawa. Sai dai mai saye ya san wurin wanda yake saye, ya tambaya. Mai sayar da kunun tsamiya ko zoɓo, wanda yara ne rabin masu sayensa, gara ya yi haƙuri ya nemi ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda 'yan kasuwa ke ce wa sitenles.

Shi sitenles ba ruwansa da tsami, ba ruwansa da kanwa, ga sauƙin wanki. Amma ba ya raba zafi, inda harshen wuta ya taɓa nan ke ƙonewa. In ba mai kaurin gindi ba ne, na zuba abinci ne da ajiya, ba na ɗorawa a wuta ba. Shi ma iri-iri ne. Mai lamba 304, wanda akan rubuta wa 18/8, shi ne nagari. Mai lamba 201 ya fi araha, amma gishiri yakan huda shi da ɗigo-ɗigon tsatsa in an daɗe. Wasu suna zuwa kasuwa da mayen ƙarfe suna cewa wanda bai kama ba shi ne mai kyau. Kada ku dogara da wannan, domin 304 da 201 duka mayen ƙarfe ba ya kama su sosai. A duba lamba, a ɗaga a ji nauyi, a danna gindi da babban yatsa, in ya lotsa ya yi ƙara a ajiye shi. Langa da fanteka da samira na iyayenmu suna nan da kyansu, sai dai da fentin ya ɓare tsatsa ta shiga, sun tashi daga kayan sana'a. Tukunyar ƙasa kuwa babu kamarta wajen daɗin miyar kuka da wake, amma ba ta jure hayaniyar tasha.

Kaskon tuya ba za mu daɗe a kansa ba, masu ƙosai sun fi mu sani. Na baƙin ƙarfe ya fi riƙe zafi. Mai kada ya wuce rabin kasko. In kasko ya yi ƙanƙanta aka cika shi da ƙulli, mai yakan huce, ƙosai ya sha mai ya yi laushi, riba ta tafi a nan. In ya yi girma ainun, sai ka zuba galan guda don ka toya na mutum 10, man ya yi ta ƙonewa yana baƙi. Hakanan tandar waina, a ƙirga gurabenta gwargwadon faɗin murhu. Gurbin da wuta ba ta kai masa ba ado ne kawai.

To, sai mu zo ga sabon abu, wanda samarinmu masu buɗe gidajen abinci na zamani ke yawan tambaya a kai, watau farantan nan masu kusurwa huɗu na sitenles da ake jerawa a cikin gilashi, ko bisa teburin da ke da ruwan zafi a ƙarƙashinsa, irin waɗanda ake gani a otal da wurin walima. Waɗannan su suna da awo tsayayye. Masu otal da masu ƙera kayan girki na ƙasar Suwizalan ne suka haɗu a kansa a 1964, daga baya Turai duka ta ɗauka. Sunansa Gastronorm, a jikin kaya akan rubuta GN. Cikakken faranti, wanda ake rubuta wa 1/1, tsawonsa santimita 53, faɗinsa 32 da rabi. Sauran duka yanka shi aka yi: rabi, sulusi, sulusi biyu, rubu'i, sudusi, tusu'i. Wanda ya zauna gaban malam aka biya masa babin rabon gado ba zai sha wuya a nan ba, kusan kason nan ne, sai dai inda muka saba jin sumuni su tusu'i ne da su. Gurbi ɗaya na teburi yana ɗaukar cikakke ɗaya, ko rabi 2, ko sulusi 3, ko sudusi 6. Ƙananan sai an gitta musu sandar ƙarfe ta riƙe bakinsu, ku nemi sandar tun wurin saye.

Lamba ta biyu da ke jikinsu ta zurfi ce, da milimita: 65, 100, 150, 200. Cikakken faranti mai zurfin 65 yana cin kamar lita 9, mai 100 lita 14, mai 150 lita 21, mai 200 lita 28. Kun ga hisabinmu na farko ya dawo. Dafaffiyar shinkafa ta tiya ɗaya lita 9 ce, watau ta cika mai 65 har baki, a mai 100 kuwa ta zauna da sararin sa cokali da rufe marfi. Saboda haka mai 100 shi ne na shinkafa da taliya da wake. Mai 65 na soyayyen nama da kifi da agada, waɗanda in aka tara su da yawa na ƙasa ke jiƙewa. Miya a sa ta a rabi ko sulusi mai zurfin 150, domin ƙaramin baki ba ya barin ta ta bushe ta yi fata. Yaji da yankakkiyar albasa da kabeji, sudusi ko tusu'i ya ishe su. Mai 200 a bar shi ga ajiya, shinkafa in ta yi wannan zurfin ta ƙasa caɓewa take yi. Akwai kuma masu huji-huji a gindi, aikinsu aikin madambaci ne, turiri ya ratsa, ruwa ya tsiyaye.

Wani yaro ɗan abokinmu ya buɗe gidan abinci, ya fara kai wa mai walda kuɗi aka ƙera masa teburi da ido, sa'an nan ya tafi kasuwar Sabon Gari ya sayo faranti. Ya zo ya tarar gurbi ya fi faranti faɗi da yatsa biyu, yana faɗawa cikin ruwa. Ya zo yana cewa, "Baba, an cuce ni." Muka ce, "Ɗana, ba wanda ya cuce ka, kai ne ka ɗinka kube kafin ka ga wuƙa." Faranti ake fara saye a kai wa mai walda ya auna a jikinsa. Kuma a sayi faranti da marfinsa wuri ɗaya, domin akwai awon Amurka, inci 12 da inci 20, wanda ya yi kusa da na Turai ƙwarai amma ba lalle marfin wannan ya zauna a kan wancan ba.

Saura mas'ala guda, ita ce ta fi shafar lafiyar masu ci, kuma ita ma zurfin mazubi ne ke hukunta ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayani cewa dafaffen abinci ko dai a riƙe shi da zafi sama da digiri 60, ko a sanyaya shi ƙasa da digiri 5, kuma kada ya wuce awa 2 yana zaune tsakanin haka. Shinkafa ta fi hatsari a nan fiye da yadda mutane ke zato. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zuwa da ita tun daga gona, dahuwa ba ta kashe irinta, in shinkafa ta yi ɗumi-ɗumi na tsawon lokaci sai ta farka ta zuba dafi, ɗumame kuwa ba ya karya dafin. Shi ne za ka ji an ce mutum ya ci abincin tasha da yamma ya kwana yana amai. Teburin ruwan zafi aikinsa riƙe zafi ne, ba ya mayar da abin da ya huce ya yi zafi, don haka da zafinsa ake zuba abinci a kai. Wanda ke da firji kuma zai ajiye ragowa, ya baza ta a faranti mai 65 ta huce da wuri. In ya tura ta a mai 200 ko a bokiti, gefe zai yi sanyi tsakiya tana nan da ɗumi har tsakar dare.

Masu kula, watau mafi yawan matanmu masu talla da masu rumfa, su ma hukuncin ɗaya ne. Kula cikakkiya tana riƙe zafi, wadda ta koma rabi kuma ana buɗe ta kowane minti ba ta riƙewa. Gara kula 3 matsakaita, a buɗe ɗaya sai ta ƙare a buɗe ta biyu, da ƙatuwa guda da za a wuni ana tona ta. A ɗauraye ta da tafasasshen ruwa kafin a zuba abinci, domin jikinta ya ɗauki zafi tun farko. Bokitin fenti da durom ɗin da aka zubo maganin feshi ko wani sinadari a ciki, ko an wanke su sau 10, kada a sa abinci a ciki.

Hajiyar nan da muka faɗa, mun ɗage mata biyan kwana 10, ta haɗa da kuɗin adashinta ta sayi tukunya mai kauri wadda ta sha jarka 2 da rabi a gaban idonta. Ƙaramar ta mayar da ita ta tafasa ruwa da dafa taliya. Yanzu tiya 6 take nema, mun ce mata ta tsaya a 5 tukuna, ko kuwa ta raba ɗori biyu, uku da safe uku da rana. Zancen murhu, da na itace da gawayi da gas wanne ya fi sauƙi ga mai sana'a, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.